Labarin Wata Kalma Mai Tauraro

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin harsuna zai riƙa cin karo da waɗansu kalmomi da aka ɗiga wa ɗan tauraro a gaba, kamar haka: *meci. Ma'anar tauraron nan ita ce, ba a taɓa samun kalmar a rubuce cikin wani tsohon littafi ba, ba kuwa wani mai rai da ya taɓa jin ta a bakin masu ita. Masana ne suka bi sawu, suka ce lalle haka kakannin waɗansu mutane su ke faɗinta. To, mai hankali ya iya tambaya: abin da ba a gani ba, ba a ji ba, ta ƙaƙa aka san shi? Ko dai ƙaga shi aka yi?

Don mu amsa wannan, bari mu ɗauki kalmar nan guda, *meci, wadda ma'anarta zuma, mu bi ta tun daga tushe. Dalili biyu ya sa muka zaɓe ta. Na farko, yadda ta ke lanƙwasa ya yi kama ƙwarai da abin da ke ba ɗaliban Hausa wuya cikin jam'i da aikatau. Na biyu, tana da 'yar'uwa wadda a ke ji kullum a kasuwannin Guangzhou.

Masu kalmar

A can arewacin Turai, bakin Tekun Baltik, akwai ƙasashe biyu masu duban juna, Finlan da Estoniya. Wani hannun teku ne ya raba su, tsakanin manyan biranensu kuwa, Helsinki da Tallinn, bai fi kilomita 80 da 'yan kai ba. Masu magana da Finlanci sun kai miliyan 5, masu Estoniyanci kuwa sun ɗara miliyan 1 kaɗan. Ban da su akwai ƙananan dangi, kamar mutanen Kareliya da Veps da Vot a cikin Rasha, da Liv a Latbiya. Harsunan nan duka sun yi kama da juna kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya, sabo da haka masana suka ce uwarsu ɗaya, wani harshe da aka yi magana da shi a kewayen hannun tekun nan wajen shekara 2,000 da suka wuce. A nan za mu riƙa ce masa Uwar Finlanci.

Masu wannan harshe ba su bar rubutu ba ko layi ɗaya. Rubutu mafi tsufa da aka samu cikin dangin duka wani ɗan ɓawon itace ne mai layi uku, na ƙarni na 13, wanda aka tono a birnin Novgorod na Rasha cikin 1957. Littafin Finlanci na farko kuwa sai a 1543 aka buga shi, watau littafin koyon karatu na Mikael Agricola. Kun ga ke nan tsakanin uwar da rubutun 'ya'yanta akwai shekara fiye da dubu da babu takarda. Hujjar da ta rage tana cikin bakin 'ya'yan ne kaɗai.

Yadda kalmar ke lanƙwasa

Wanda ya karanta Larabci ya san li'irabi: baitun, baitan, baitin. Ɗaki dai ɗaya ne, amma wutsiyar kalmar tana sakewa bisa ga aikinta cikin jimla. Hausa ma tana da ɓurɓushin haka, don mu kan ce baki amma "ya sa a baka", mu ce kai amma "ya ɗora a ka". Larabci hali uku gare shi. Finlanci kuwa 15, Estoniyanci 14, don abin da mu ke faɗi da "a cikin" ko "daga" ko "zuwa", su a wutsiyar kalma su ke liƙa shi.

A Finlancin yau kalmarmu ta zama mesi. Yawanci yanzu ana nufin ruwan zaƙin nan na fure da ƙudan zuma ke tsotsa, zumar kanta kuwa sun ari wata kalma, hunaja, daga maƙwabtansu masu harsunan dangin Jamusanci. Amma a Estoniya har gobe mesi ita ce zuma. Ga kaɗan daga lanƙwasarta a Finlanci, da tsohuwar ma'anar. Wasalin ä a kan faɗe shi tsakanin a da e.

mesi: zuma
meden: na zuma
mettä: wani abu daga zuma, kamar a "sam mini zuma"
meteen: zuwa cikin zuma
medessä: a cikin zuma
medestä: daga cikin zuma
metenä: a matsayin zuma
medet: jam'inta

Ku duba da kyau. Ba wutsiyar kaɗai ke sakewa ba, har cikin kalmar. Fuska uku gare ta: mes-, med-, met-. Baƙon da ke koyon Finlanci sai ya ce wannan harshe ba shi da kan gado. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kalmar ruwa a wurinsu haka ta ke yi: vesi, veden, vettä, veteen. Kalmar hannu ma haka: käsi, käden, kättä, käteen. In aka jera su sai a ga s ba ta fitowa sai gaban wasalin i. Ita kuwa d ba ta fitowa sai in gaɓar da ta fara ta rufe da baƙi, kamar den a me-den, da des a me-des-sä. Duk sauran wurare t ce.

To, wace ce ta asali cikin ukun? Ga yadda a ke ganewa. Finlanci yana da kalmomi biyu masu siffa ɗaya, kuusi. Ɗaya ma'anarta shida, ɗaya kuwa sunan wani itace ne na ƙasashen sanyi. In aka lanƙwasa su sai su rabu: ta itacen ta zama kuusen, ta shidan ta zama kuuden. In da s ce ta asali a duka biyun, da ba dalilin da zai sa su rabu. Ashe ta itacen ita ce mai s tun fil azal, ta shidan kuwa t gare ta, wasalin i ne ya mai da ita s. Haka mesi. Saiwarta mete- ce.

Bisa bayanin da aka saba koyarwa, tafiyar mataki uku ce. Da fari wasalin e in ya zo ƙarshen kalma sai ya koma i, *mete ta zama *meti. Sa'an nan duk inda t ta haɗu da i sai ta zama wani sauti kusa da ts, amma ba mai maƙurewa irin namu ba. Shi ne a ke rubutawa da c a cikin *meci. Daga baya ts ɗin ya saki, ya zama s. Tsofaffin littattafai, tun daga aikin E. N. Setälä na 1890 zuwa 1891, sun saba tsayawa a kan s. Masanan baya ne suka fi son c, don a kudancin Estoniya akwai kalmomin da har yau ts ɗin bai saki ba.

Sauran lanƙwasar ma haka aka gano ta. A Uwar Finlanci ana rubuta *meden, *mettä, *metehen, *medet. Estoniyawa sun haɗiye d da n na *meden, suna cewa mee, sun kuma yar da wasalin ƙarshe na *mettä, suna cewa mett. Finlawa sun riƙe waɗannan, amma sun zubar da h na *metehen, ta zama meteen. Ta ƙaƙa aka san da h? Don a karin harshen kudancin Ostrobotniya, cikin Finlan, har yanzu ana jin ta. Ko wane ɗa ya riƙe wani abu na gadon uwar, ya yar da wani. In aka tattara abin da ke hannun kowa sai kamannin uwar su fito.

Haka Hausa ta ke

Kada ɗalibin Hausa ya ga kamar wannan labarin nesa ne. Ƙa'idar nan ta t da i tana nan cikin darasinsa na farko. Muna cewa mota, motoci, sata, ya saci kuɗi, ya sace, mutu, ya mace, mamaci, mamata, matacce, matattu. Ko'ina t ce saiwa, wasalin i ko e ne ke mai da ita c. Malaman nahawu suna kiran wannan ganɗantawa, don harshe ya kan tashi ya taɓa ganɗa. Ba t kaɗai abin ke samu ba: s ta kan zama sh (ƙasa, ƙasashe), d ta zama j (gida, gidaje), z ma ta zama j (kaza, kaji), w ta zama y (bawa, bayi). Ku lura, j ɗin gidaje da j ɗin kaji a kunne ɗaya su ke, sai an koma tilo a ke sanin wannan daga d ta fito, waccan daga z. Labarin kuusi biyu ke nan.

Kalmomin aro kuwa su kan tona lokacin zuwansu. Tebur, titi da asibiti duk suna da t gaban e ko i, ba ta kuwa zama c ba, don baƙi ne na baya-bayan nan. Finlanci ma yana da irinsu. Kalmarsu ta uwa, äiti, aro ce daga dangin Jamusanci, da ya ke kuwa ti ɗinta bai zama si ba, an san ta shigo ne bayan guguwar ta wuce.

Ƙa'ida ta biyu, ta raunin baƙi, ita ma muna da tamu, ko da ya ke wurin da ta ke kamawa dabam ne. A Finlanci baƙin da ya buɗe rufaffiyar gaɓa ke yin rauni. A Hausa wanda ya rufe gaɓar ne. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya bayyana ta wajen 1928, har yau kuwa da sunansa a ke kiranta. Ga misali: talaka amma talauci, watau k ta narke ta zama u, fatake amma farke, watau t ta zama r. Wani sashen ƙa'idar ma bai game ƙasar Hausa duka ba. Inda Bakano zai ce zauna, aure, auduga, sauka, Basakkwace zai ce zamna, amre, abduga, sabka. Na Sakkwato shi ne tsohon kamu.

Yanzu ku ɗauki zuciya da jam'inta zukata. Me ya haɗa su? Baƙaƙen saiwar uku ne, z da k da t. A jam'i, wasalin a ya shiga tsakanin k da t, sabo da haka k ba ta rufe gaɓa ba, t kuwa ba ta haɗu da i ba, duka biyu suka tsira. A tilo kuwa suna manne, *zukti. Nan k ta rufe gaɓa, sai ta narke cikin u, wasalin ya yi tsawo. Ita kuwa t ta haɗu da i, ta zama c. Aka sami zuci, wadda har yau mu ke ji a "ya ce a zuci". Daga baya aka ƙara -ya ta tamata. Kun ga mun rubuta kalmar Hausa mai tauraro, ba mu kuwa ƙaga kome ba. Ƙa'idodi biyu da kowa ke iya gwadawa ne suka kai mu.

Asalin kalmar

Mu koma wajen zumarmu. Uwar Finlanci ita ma tana da dangi na nesa, waɗanda a ke kira harsunan Ural, da sunan duwatsun da suka raba Turai da Asiya. Babba a cikinsu shi ne harshen Hangari, mai mutum wajen miliyan 13. Tun 1770 wani malamin Hangari, János Sajnovics, ya nuna harshensu ɗan'uwan na mutanen Sami ne na ƙuryar arewa, a 1799 kuma Sámuel Gyarmathi ya faɗaɗa hujjar har ta game Finlanci da sauransu. Ga kalmominmu uku a harsuna huɗu:

Finlanci: mesi, vesi, käsi (saiwa mete-, vete-, käte-)
Erzya, a yankin kogin Volga: med', ved', ked'
Hangari: méz, víz, kéz
Komi, a arewacin Rasha: ma, va, ki

Inda Finlanci ke da t tsakanin wasula, Erzya na da d, Hangari na da z, Komi kuwa ya haɗiye ta. Ba sau ɗaya ba, ko wane lokaci. Ɗari a Finlanci sata ce, a Hangari száz. Wannan daidaito mai maimaita kansa shi ne hujja. Sabo da haka aka ce kafin *meci akwai *mete, tun dangin ba su watse ba.

Amma *mete ɗin ma ba 'yar gida ba ce. Maƙwabtansu na kudu, watau babban dangin harsunan Indiya da Turai, suna da wata kalma da a ke rubutawa *medhu. Ta bar 'ya'ya ko'ina: madhu a Sansikirit na Indiya, medus a Lituwaniya, myod a Rashanci, duk zuma ke nan. A tsohon Girkanci methu ta koma nufin ruwan inabi, a Ingilishi kuwa mead abin sha ne da a ke yi da zuma.

Wa ya ara daga wa? Alamu uku ne. Ta ɗaya, a dangin Indiya da Turai kalmar ta bazu tun daga Ailan har Indiya, amma a dangin Ural ba ta kai ko'ina ba, babu ita a harsunan Samoyed na Siberiya. Ta biyu, masu harsunan Ural ba su da sautin dh, watau d mai fita da huci, sai suka sa mafi kusa da shi a bakinsu, t, kamar yadda Bahaushe ya rasa p ya ce fensir. Ta uku, sunan ƙudan zuma ma tare suka zo: Finlanci mehiläinen da Hangari méh sun dace da makṣa ta Sansikirit. Wanda ya ari sunan zuma da na ƙudanta gaba ɗaya, da alama sana'ar ce ya koya.

Har lokacin aron ana iya ƙiyastawa. A harsunan Indiya da Iran tsohon wasalin e ya koma a, shi ya sa Sansikirit ke da madhu. Amma *mete tana riƙe da e. Watau an are ta tun wannan canji bai auku ba, wajen shekara 4,000 da suka wuce ko fiye, a yankin da ke tsakanin Volga da duwatsun Ural. Masana sun daɗe suna kafa hujja da wannan kan mazaunin mutanen nan na dā, don ƙudan zuma irin na amya ba su shiga Siberiya ba sai da aka kai su cikin ƙarni na 18. Masu sunan zuma tun zamanin nan, lalle suna kusa da inda a ke samunta.

Kalmar ta shiga har cikin al'adarsu. Mutanen Finlan na dā suna jin nauyin ambaton sunan beyar, babbar dabbar dajinsu mai son zuma, kamar yadda uwa a ƙasar Hausa ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Sai su ka yi mata laƙabi, mesikämmen, watau mai tafin zuma. Rashawa ma haka suka yi, medved', ma'anarsa ta asali maci zuma.

Hanyar gabas

Yanzu mu zo gida. A daidaitaccen Sinanci zuma ita ce 蜜, mì, kamar a fēngmì. Amma a Kantonanci, harshen mutanen Guangzhou, harafin nan mat a ke karanta shi, kamar a mat tong da a ke ji a kasuwa. Wace ce tsohuwar? Littafin amon haruffa da a ke kira Guangyun, wanda aka gama a 1008 zamanin daular Song, ya kan nuna karatun harafi da waɗansu haruffa biyu: a ɗauki farkon na ɗaya, a haɗa da ƙarshen na biyu. Ga 蜜 ya ba da 彌 da 畢. Na farko ya ba da m. Na biyu kuwa a Beijing bì ne, a Guangzhou bat. Littafin ya jera harafin cikin masu gajeren amo, waɗanda ke tukewa da p ko t ko k. Arewa ta zubar da baƙaƙen nan na ƙarshe, Guangzhou ta riƙe. Maƙwabtan da suka ari karatun Sinanci tun fiye da shekara dubu su ma shaidu ne. Ga zuma, ɗaya, bakwai, takwas, rana:

Beijing: mì, yī, qī, bā, rì
Guangzhou: mat, yat, chat, baat, yat
Biyetnam: mật, nhất, thất, bát, nhật
Koriya: mil, il, chil, pal, il
Japan: mitsu, ichi, shichi, hachi, nichi

Koriya ta mai da ko wace t ta ƙarshe l. Japanawa kuwa, kamar Hausawa, ba su son rufe kalma da baƙi, sai suka ƙara wasali, inda kuwa wasalin ya zama i sai t ta koma c. Ga ganɗantawa ta sake fitowa a wani gefen duniya. Da waɗannan hujjoji aka ce tsohon karatun harafin *mit ne.

Daga ina *mit ta fito? Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 an tono tsofaffin takardu a Kucha da Turfan da kewayensu, cikin jihar Xinjiang ta yau, da wani harshe da ya riga ya mutu. A 1908 Jamusawa biyu, Emil Sieg da Wilhelm Siegling, suka nuna harshen nan, wanda aka sa wa suna Tokaranci, ɗan dangin Indiya da Turai ne. A Tokarancin Kucha kuwa sunan zuma mit ne, jikar *medhu. Tun 1916 wani Barashe, Yevgeny Polivanov, ya ce kalmar Sinanci daga dangin *medhu ta fito. Yawancin masana sun karɓi cewa ta hannun kakannin Tokarawa ta shigo, ko da ya ke akwai masu ja. Aron ya girmi takardun Kucha nesa, don harafin yana cikin ƙamus ɗin Shuowen Jiezi na wajen shekara ta 100 Miladiyya.

In haka ne, mesi da ke rubuce a jikin kwalba a kantunan Tallinn, da mat da mai kanti ke faɗi a Guangzhou, daga tukunya ɗaya aka ɗebo su. Wannan bai mai da Finlanci da Sinanci dangi ba. Maƙwabci ɗaya ne ya ba su aro, wannan ta ƙofar arewa, wancan ta ƙofar gabas. Dole a riƙa bambanta gado da aro. A Hausa, littafi aro ne daga al-kitab na Larabci. Amma mutu ba aro ba ce, ko da ya ke ta yi kama da mata da maut na Larabci. Tana nan cikin sauran harsunan Cadi, 'yan'uwan Hausa na kusa, waɗanda Paul Newman da Roxana Ma suka kwatanta a 1966, Hausa da Larabci kuwa kowa gadonta ya yi daga kaka ɗaya mai nisa.

Kama da wane ba wane ba ne

Wani zai ce, to, ai mu ma muna da maɗi, abin sha mai zaƙi, ga shi kuwa ya yi kama da madhu. Nan ne wurin taka-tsantsan. Sautukan bakin ɗan Adam kaɗan ne, kalmomi kuwa dubbai, sabo da haka ko wane harsuna biyu ka ɗauka ba ka rasa 'yan kalmomin da suka yi kama bisa katari. Kafin a ce wannan daga wancan ya fito, sai an kawo ɗayan biyu. In gado a ke da'awa, a kawo jerin kalmomi masu daidaito iri ɗaya, kamar mesi da méz, vesi da víz, käsi da kéz. In kuwa aro ne, a nuna hanyar da kalmar ta bi, da waɗanda suka ɗauko ta, da zamanin da suka haɗu. Kama a kunne kaɗai ba ta isa shaida ba.

Ga wadda ta cika sharaɗi: shayi. Tushenta 茶 ne, chá na Sinanci. Ta bi ta ƙasa zuwa Farisa ta zama chay, Larabawa suka ce shay, daga gare su ta iso ƙasar Hausa. Harafin nan dai a bakin mutanen Xiamen te a ke karanta shi, daga nan jiragen Holan suka kai shi Turai, Ingilishi suka kawo mana shi, muka ce ti. Harafi ɗaya ya shigo Hausa sau biyu, ko wane zango na hanyarsa kuwa sananne ne.

Amfanin wannan ga ɗalibi

Abu na farko, ɗalibin da ya ɗauki jam'in Hausa tamkar tulin kalmomin da ba su da dalili zai sha wuyar hadda, ya kuma riƙa mantuwa. Wanda ya san ƙa'idodin nan biyu kuwa, in ya gamu da fatake zai gane farke da fatauci ba tare da an gaya masa ba, in ya ji ya guje zai nemi gudu a ƙamus. Abin da a ke gani karkatacce a nahawu, sau da yawa shi ne wurin da tsohuwar siffa ta ɓuya.

Abu na biyu, kada a rena karin harshe. Daidaitacciyar Hausa bisa Kananci aka gina ta, daidaitaccen Sinanci bisa maganar Beijing, ko wanne kuwa yana da amfaninsa wajen haɗa jama'a. Amma h na *metehen a bakin manoman Ostrobotniya aka same ta, m na zamna a Sakkwato, t na *mit a Guangzhou. Ɗalibin da ya tashi da Kantonanci a gida yana riƙe da hujjar da masana ke nema cikin littattafai. In kuwa ya leƙa unguwar Xiaobei, inda fataken Afirka ta Yamma suka saba sauka, ya ji wani Bahaushe ya ce zamna, kada ya ce kuskure ne.

Ga aiki kaɗan na gwaji. Ku ɗauki buzu da bugaje, ɓauna da ɓakane, juji da jibaje. Ku jera tilo da jam'i, ku fitar da baƙaƙen saiwa, ku duba wanne ya rufe gaɓa, wanne ya haɗu da i ko e. Sa'an nan ku rubuta tsohuwar siffar ko wane tilo, ku ɗiga mata tauraro a gaba.